Ruwan da Na Ƙi Sha a Sisili

Kowa a Kuala Lumpur ya san na tafi tsibirin Sisili na Italiya taron ilimi ne, daga nan in ɗan yi yawon buɗe ido. Taron gaskiya ne, na je, na karanta takardata, aka tafa mini. Yawon buɗe idon kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Yayana na je nema.

Yaya Lawal ya bar Malumfashi ya bi ta Agadas zuwa Libiya, daga nan muka ji ya haye ruwa. Da fari yakan kira. Daga baya kiran ya ja baya, sannan ya ɗauke ɗif, shekara da shekaru. Sai Baffa Ilu, ƙanen mahaifinmu, ya tara dangi ya yanke cewa bayan Babbar Sallah za a zauna a yi wa Lawal addu'a irin ta mamaci, a huta da jiran gawon shanu. Inna dai ta daina cin abincin kirki, har ƙanwata Hassana ta ce mini zanen Inna zamewa yake yi daga ƙugunta. Na san idan aka yi zaman makokin nan, na gaba na Inna ne.

Ni kuwa ina da dalilin ƙin yarda. Wani bidiyo ne ya zagayo a waya, na wasu 'yan ci-rani a gonar tumatir a Sisili suna wasa da dariya. Can bayansu wani mutum ya gifta ɗauke da kwando, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ƙiftawar ido ya wuce. Amma wanda ya goya ki kuna yara, ba kya ɓata tafiyarsa ko a cikin dubu.

Mutum biyu na gaya wa gaskiyar, a wani shagon shayi da ake kira mamak a unguwarmu ta Danau Kota, muna shan shayi ana tsuga ruwan sama. Ɗaya Rifkatu, 'yar Pankshin, wadda muke haya ɗaya, tana karatun harhaɗa magunguna. Ɗayan Malam Nura, wanda ya naɗa kansa uban 'yan Najeriya na unguwar ba tare da an zaɓe shi ba. Nan take Rifkatu ta ce za ta raka ni, mu ɗauki hayar mota.

Malam Nura ya ajiye kofinsa. "Zulai, seriously? Mata biyu, a mota, a ƙasar da ko yarensu ba ku ji? Cannot lah. Ki bar wa Allah."

Na ce, "Allah na bar wa, Malam. Shi ya ba ni ƙafafu."

"Mutane za su yi magana."

"Ni bazawara ce, Malam, sun daɗe suna yi. Su ƙara wannan a kai."

Rifkatu ta tsoma gurasarta a miya ta ce, "Boleh, zai yiwu. Ni zan tuƙa. Wadda ta sauko da mota daga duwatsun garinmu da rabin birki, Italiya ce za ta ba ta tsoro?" Ta kira mai shago ta ce ya yi mana tapau, wato ya ƙunshe mana sauran, muka bar Malam Nura yana girgiza kai.

Dabarar hayar mota mai ɗaki ta Rifkatu ce. Lokacin zafi ne, masaukai sun cika da Turawa masu zuwa gasa jikinsu a bakin Bahar Rum, gonakin kuma suna warwatse inda bas ba ta zuwa. A hoto motar fara ce sol, da gado, da murhu, da firji, da ɗan banɗaki. Da muka je ɗaukarta a bayan garin Kataniya, mutumin ya dube mu sama da ƙasa, ya ce waccan an ba wasu, ya nuna mana wata akwala a ƙarshen fili. Na'urar sanyinta huci take yi, firjin kuma ƙara kawai ya iya. Na yi masa Turanci, ya yi mini kafaɗa. Na koma Hausa na wanke shi tas, ya yi murmushi ya miƙo makulli. Rifkatu ta zagaya motar ta ce, "Kunkuru ke nan, gidansa a bayansa." Sunan ya bi ta.

Hannun Rifkatu ya saba da tuƙin Malesiya na gefen hagu, nan kuwa dama ake bi kamar gida. A shataletalen farko ta nufi hagu gadan-gadan, na ƙwalla ihu ina salati, ita tana kiran Yesu, wani mai babur ya bi mu da zagi yana haɗa yatsu yana kaɗawa. Muka tsaya gefe muka yi dariya har da hawaye. Dutsen Etna yana can bayanmu yana fitar da hayaƙinsa, bai damu da kowa ba.

Zangonmu na farko wani fili ne a bakin teku da aka keɓe wa masu irin motarmu. Motoci jere, yara na guje-guje, ana gasa kifi. Mai filin ya leƙo ta taga, ya ga mayafina, ya ga fatarmu, ya ce wuri ya cika. Muna juyawa wata mota mai lambar Jamus ta shigo, ya ɗaga mata sanda da fara'a. Na sauko. Na tsaya a ƙofarsa na nuna masa filin da babu kowa, na nuna motar Jamusawan, na nuna idona. Bai ba mu wuri ba, amma sai da ya sunkuyar da kai kafin na tafi, kuma ni a ranar wannan ya ishe ni.

Muka bi wata siririyar hanya, tankin ruwanmu ya kusa ƙarewa, har muka tsaya gindin wata katangar dutse. Wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta fito tana ta zuba magana. Na ɗauka kora ce, har na gyara tsayuwa don faɗa. Ashe tiyo take jawo mana. Ta cika mana tanki, ta koma ta dawo da lemon tsami cike da haɓar rigarta, da burodi mai tauri. Na nuna mata hoton Yaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta dafa ƙirjinta ta nuna wani hoto a bangon zaurenta, saurayi ne cikin kwat, ta yi nuni da hannu can nesa. Nata ma ya tafi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ba mu buƙaci tafinta ba.

Da asuba na shimfiɗa darduma tsakanin gado da murhu, na rasa ma wane gida nake kewa. Ina son jin kiran sallar masallacin bayan gidanmu na Danau Kota da ruwan la'asar da ba ya saɓa alkawari. Ina kuma son kunun tsamiyar Inna. Sai na ji haushin kaina: ni da na fita da fasfo da tallafin karatu ina wannan kewa, ina ga wanda ya fita a kwalekwalen roba?

Daga nan muka gangara kudu, wajen Ragusa. Turawa suna bin hanyar bakin ruwa, mu muna ratsawa ciki, inda rumfunan leda suka rufe ƙasa iyakar ganinka, fari fat, suna walƙiya a rana. A ciki ake noman tumatir da gauta da tattasai, kuma a ciki 'yan'uwanmu suke dahuwa. Da yamma za ka gan su a kan tsofaffin kekuna, fuska duk ƙura. 'Yan Gambiya, 'yan Mali, 'yan Ghana, da namu. Ina jin Hausa a bakin hanya sai in ce Rifkatu ta taka birki.

Gaisuwa dai ba a rage mu da ita ba. "Hajiya, daga ina? Malesiya? Ikon Allah!" Amma da na fito da hoto sai fuskoki su rufe. Wannan ya ce bai taɓa ganinsa ba tun kafin ya duba. Wancan ya duba ya daɗe, ya kalli ɗan'uwansa, ya ce a'a. Muka yi ta zagaye, gari bayan gari, muna kwana a bayan gidajen mai, muna dafa taliya da yajin da na taho da shi. Kunkuru ya zama tanda. Ƙafafun Rifkatu suka kumbura, ni kuma leɓɓana suka tsage. Kullum Hassana sai ta turo saƙo cewa Baffa ya fara aika wa dangin nesa.

A wani gidan mai muka haɗu da wani mai suna Ɗanjuma, ɗan gayu da sarƙa a wuya, Hausarsa ta Kumasi. Yana ganin hoton ya buga cinya. "Lawal mai ɗingishi! Abokina ne. Yana yamma, wajen Marsala. Ku ɗauke ni in kai ku har ƙofar ɗakinsa."

Rifkatu ta ja ni gefe. "Wannan idonsa bai kwanta mini ba."

Na ce, "Ko shaiɗan ne, in dai ya san hanya, ya shigo."

Muka keta tsibirin da shi wuni guda. Ya ci taliyarmu, ya sha ruwanmu, ya yi barci a gadona da takalmi. Da muka isa ya sa muka tsaya gaban wani shago, ya saɓa jakarsa, ya ce mun gode. Na ce ina Lawal? Ya yi dariya. "Hajiya, ni dai aiki aka kira ni nan, kuma mota tsada."

Na cafke jakar. Ban san ina da wannan ƙarfin ba. Na ce wallahi sai dai mu kwana a nan ana kallonmu. Mutane suka fara taruwa, shi kuma ba ya son taro, don haka ya sassauta murya.

"Sake ni in gaya miki gaskiya. Yayanki na nan da ransa, can inda kuka baro. Kowa ya san matan nan biyu masu farar mota. Kafin ku isa wuri, waya ta riga ku. Shi ya ce kada a nuna shi. Ba ɓata ya yi ba, Hajiya, gudun ki yake."

Na saki jakar. Ya ce in ina da taurin kai in je ranar Juma'a wani kangon gidan gona kusa da rumfunan, inda Hausawa ke sallah, in nemi Malam Isufu, dattijonsu. Ya faɗi sunan ƙauyen ya ɓace cikin lungu.

Na zauna a matakalar Kunkuru. Farin ciki ya zo, ya tarar da fushi ya riga shi zama. Yana raye! Yana raye, yana jin labarin ƙanwarsa na yawo a rana kamar mahaukaciya, uwarsa na ƙarewa a gida, shi kuma yana wasan ɓuya. Rifkatu ta ce, "To yanzu fa? Ki kira gida ki ce yana raye."

"Baffa zai ce wa ya gan shi? Maganar ɗan damfara zan kai wa Inna? Juya motar."

Ranar Juma'a muka iso bayan an sallame. Iska mai zafi ke busowa daga teku, wai daga wajenmu take zuwa, tana shiga hanci kamar hucin murhu. Kangon ba shi da ƙofa, an toshe tagoginsa da kwali. Maza sun kai talatin a gindin wata bishiyar zaitun. Na yi sallama, suka amsa gaba ɗaya. Wani dattijo mai farin gemu, siriri, ya taso. Shi ne Malam Isufu, mutumin Tawa ta Nijar. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da zafi. Sannan aka kawo ruwa a kofin silba, mai sanyi, har gefen kofin na raɓa. Allah kaɗai ya san inda suka samo ƙanƙara a wannan kango.

Maƙogwarona kamar an zuba yashi. Na karɓi kofin da hannu biyu, na ajiye shi a ƙasa. Na tashi na ja tabarmata daga inuwa zuwa tsakiyar rana, na zauna.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da na yi. Baƙo ba ya ƙin ruwa. In ya ƙi, ko dai gaba ya kawo, ko buƙata mai nauyi, kuma masu gida ba su da sukuni sai sun ji ta.

Malam Isufu ya matso. "Ɗiyata, mi muka yi miki? Sha ruwa."

"Ba ku yi mini komai ba, Baba. Amma ba zan sha ruwan gidan nan ba sai wanda na zo dominsa ya miƙo mini da hannunsa."

"Wa kika zo nema?"

"Kun fi ni sani."

Ya koma inuwa. Aka yi ta ƙus-ƙus. Wasu suka hau kekunansu suka sulale, don ba za su iya kallo ba. Rana ta tsaya a kaina. Gumi ya jiƙa mayafina, daga baya gumin ma ya daina zuwa. Rifkatu ta durƙusa kusa da ni da gorarta.

"Zulai, this is not faith, dehydration ne. Za ki faɗi. Kurɓa ɗaya, ba wanda zai gani."

"Ni zan gani."

Ta dube ni, ta dubi mazan. Sai ta tuntsurar da ruwan gorarta a ƙasa, ta zauna gefena a rana. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "To mu mutu mu biyu. In ga abin da za ku gaya wa mamana a Pankshin."

Malam Isufu ya dawo, wannan karon ransa a ɓace. "Ɗiyata, kin ɗaure mu da igiyar da ba a kwancewa. Namiji ya roƙe ni in rufa mai asiri, na yi mai alkawari. Kina so in ci amana da furfurata?"

Muryata ta dushe, amma ta fita. "Baba, bayan Sallah za a yi zaman makokinsa a Malumfashi yana raye. Uwarsa ta daina cin abinci. Wane asiri ya rage da za a rufa? Ban ce ka nuna mini shi ba. Ka riƙe amanarka, ni ma in riƙe ƙishina."

Ya daɗe a tsaye yana jan carbi. Ya juya ya fuskanci kangon, ya yi magana da ƙarfi kamar mai yi wa bango wa'azi: "Ni dai ban faɗi sunan kowa ba. Amma in macen ga ta faɗi a ƙofarmu, wanda ya jawo ya nemi wani limamin, ba ni ba."

Inuwar zaitun ta fara miƙewa. Idona ya soma ganin abu biyu-biyu. Sai na ga wani ya fito daga cikin kangon. Ashe tun zuwanmu yana ciki, bayan kwali, yana jin komai. Ya rame, gashinsa ya yi fari a gefe, rigarsa duk koren ganyen tumatir. Ya sunkuya ya ɗauki kofin daga inda na ajiye, ya zo ya tsaya a kaina, inuwarsa ta rufe ni.

"Zulai. Har yanzu ba ki bar taurin kai ba."

Na yi niyyar zaginsa. Tun daga Marsala nake tsara zagin, kalma bayan kalma. Da na buɗe baki sai na ji na ce, "Yaya, ina wuni."

Ya tsuguna, ya miƙo mini kofin. "Da wane ido zan kalle ku? Gonar Baba na sayar na taho. Na ce zan dawo in sayi biyu. Dube ni. Ko takardar zama ban da ita. Gara a ce na mutu, Zulai, mamaci ba a tambayarsa me ya kawo."

"Wa ya ce ka kawo wani abu? Gona ƙasa ce, tana nan inda ka bar ta, ko a hannun wa take. Inna ce ba za ta jira ba."

"Sha ruwan tukuna."

"Gaishe ta tukuna."

Na karɓi kofin da hagu, na danna lambar Hassana da dama, na buɗe muryar wayar. Ta ɗauka, na ce ta kai wa Inna. Muka ji tafiyarta, muka ji kukan akuya, muka ji ta ce, "Inna, Yaya Zulai ce." Na tura wayar gaban bakinsa.

Da kyar ya ce, "Inna, ina wuni. Ni ne."

Na duba ko layin ya yanke. Sannan muryarta ta zo, a kwance, kamar jiya suka rabu.

"Lafiya lau. Kuna lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"To madalla. Allah ya yi albarka. Ba ƙanwarka."

Na ce ga ni, Inna. Ta ce, "Ki kula da kanki." Shi ke nan. Yaya ya dube ni, fuskarsa ta faɗi. Ni na san dalili, shi ma ya sani in ya tuna. Ɗan fari ne. Inna 'yar da ce, ba ta sakin fuska da shi, ba ta tambayarsa, tun muna yara sai dai ta ce "yayanku" ko "wancan".

Amma Inna ba ta iya kashe waya ba. Ajiyewa kawai take yi. Muka ji wayar ta faɗi a kan wani abu, muka ji ƙarar kwano ya kife, muka ji gudu ba takalmi. Sannan daga can tsakar gida muryarta ta tashi, irin wadda ban taɓa ji ba, tana karyewa tana sake tashi.

"Ilu! Ku kira mini Ilu! Lawal na nan! Lawal ɗina na nan da ransa! Lawal!"

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Shi ma haka.

Yaya ya kifa goshinsa a ƙasa mai zafi, kafaɗunsa na girgiza. Mazan da ke gindin zaitun duk suka kau da kai, Malam Isufu yana share ido da bakin rawaninsa. Na miƙa wa Rifkatu kofin ta sha rabi. Ruwan ya riga ya yi ɗumi, har da ƙura a samansa. Na shanye sauran tas.